Miyar Teku ta Ja'afaru Ikko

"Ni da na dafa wa Bature miyar teku, ya lashe cokali, ya miƙe ya sara mini!" Da wannan Ja'afaru Ikko yake buɗe baki kullum a kasuwar Maƙarfi. Bari in raɗa maka gaskiya, abokina: wata biyu kacal ya yi a Ikko, yana wankin tukwane a bayan wani otal. Amma ya dawo da doguwar hular kuku da bakin da ya fi hular tsawo.

Shekarar da aka sami mulkin kai, Alhaji Sada mai mazarƙwaila ya shiga neman kuku, don manya daga Kaduna sun fara sauka gidansa. Ja'afaru ya ce aikin nasa ne, a ba shi ran Juma'a ya nuna hannu.

To, hannun ne matsalar. Akwai wata tusar jaki a babban yatsansa, ƙatuwa kamar ƙwayar gyaɗa. Iliyasu wanzami ya ɗaure masa ita tamau da gashin wutsiyar doki, ya ce, "Kada ka jiƙa ta. Za ta bushe ta faɗi da kanta."

"Babban kuku ba ya jiƙa hannu, umarni yake bayarwa," in ji gogan naka.

Ran Juma'a ya kwance ƙullin busasshen jatan landen da ya taho da shi daga Ikko, ya tarar ɓeraye sun riga shi walima. Ya ruga fadama ya kamo ƙaguwa masu yawa, ya juye su da ransu a tukunya. Suka fito suna tafiya a karkace cikin tsakar gida. Matarsa Ummuhani ta ɗare kan turmi tana ihu, "Malam, miyar taka ta gudu!"

"Ƙauyanci! A Ikko sai nama ya motsa jiki ake dafa shi."

Babban kukun da ba ya jiƙa hannu ya bi su ɗaya-ɗaya, ya danna su cikin ruwan zafi har wuyan hannu.

Bayan an sauko daga masallaci aka zauna a zauren Alhaji, har da Iliyasu. Loma ta uku Alhaji ya tsamo wani abu, ya ɗaga.

"Ja'afaru, wannan fa, har da gashi?"

Ja'afaru ya saci kallon yatsansa, ya gan shi sumul. Ya yi wuf ya cusa hannun a aljihu.

"Allah ya gafarta Alhaji, ai cibiyar teku ke nan! Guda ɗaya ake samu a tukunya. A Ikko manya har dambe suke yi a kanta."

"Ashe? To kai ka sha wahala, kai ka cancanta. Bismilla."

Ja'afaru ya runtse ido ya haɗiye, ya ce, "Garɗi!"

Sai a sannan Iliyasu ya gyara murya. "Alhaji, ni dai ban taɓa ganin teku ba, amma ƙullin gashin nan nawa ne."

Alhaji ya ture akushi, ya wanke hannu har sau uku, ya ce, "Tashi ka tafi, Ja'afaru. Kukun da ke zuba kansa a miya, yau yatsa ne, gobe ban san abin da zan tsamo ba."