Ƙaisar na Plumstead da Kabejinsa

Duk wanda ya ce babu manyan mutane a London, to bai taɓa ganin Alhaji Abdulƙadir yana shiga bas ba. Ko kati zai ɗora a kan na'urar direba, sai ka rantse hatimi yake bugawa a takardar sulhu tsakanin ƙasashe. Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan kudancin London tun ranar da aka kafa ta a falonsa, kuma bai taɓa faɗuwa zaɓe ba, don ba a taɓa yin zaɓen ba. Mu kuma talakawansa muna yi masa biyayya daidai gwargwado. Mu zo taro a makare, mu ci shinkafa, mu ce "Allah ya ja zamanin Ciyaman," mu hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mu yi gulmarsa har gida.

Tsakani da Allah, mutumin yana aiki. Shi ke yin booking ɗin hall na Sallah, shi ke nemo limami, shi ya san wa aka kwantar a asibiti da wadda ta haihu. Ladan da yake nema bai taka kara ya karya ba: a miƙe tsaye idan ya shigo, a kuma bar shi ya yi jawabi har miya ta huce.

Ruwan sama ne ya haɗa shi da tarihi. Ya je Aldwych kai wa 'yarsa Ihsan saƙo a jami'a, ruwa ya tsuge, ta ja shi suka fake a wata lacca kan sarakunan Rum. Ya shiga yana Ciyaman, ya fito yana wani abu dabam. A taro na gaba ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya, ya buɗe mana karatu.

"Jama'a, an yi wani sarki a Rum mai suna Diocletian. Ɗan talakawa ne, kamar ni. Soja ne, ni ma na yi fareti a sakandare. Ya tarar da daula a wargaje, ya ɗinke ta, kun dai san yadda na tarar da ku. Shi har sai an durƙusa an sumbaci gefen rigarsa kafin a yi masa magana, wannan kam ban nema ba, saboda tawali'u. Ya raba mulki gida huɗu. Bayan wajen shekara ashirin ya sauka da kansa, ya koma bakin teku yana noman kabeji. Da aka je roƙonsa ya dawo, sai ya ce da sun ga kabejin da ya shuka da hannunsa, da ba su yi masa zancen mulki ba."

Ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar muka raɗa masa Ƙaisar. Labari ya kai masa, bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan.

Nan da nan ya naɗa mataimaka huɗu, na Lewisham, na Woolwich, na Peckham da na Plumstead, ko da yake duk ƙungiyar ba ta cika bas biyu ba. Ya nemi ɗan filin noma a wurin council, wato ƙaramar hukuma, ya yi ta jira har ya samu. Saura abu ɗaya, wato murabus.

To ga inda gizo ke saƙa. A gida, idan babba ya ce ya sauka, ba a ce masa to. Ana rufe shi da roƙo, ya ƙi. A sake, ya kawar da kai. A karo na uku a turo dattawa, sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Don darajarku kawai." Kujerar da ya koma kanta ta fi wadda ya bari ƙarfi, domin yanzu jama'a ce ta ɗora masa. Abin da Ƙaisar ke so ke nan, kuma duk wanda ya girma a Kano ko Zariya ya san haka.

Ranar ta zo. Ya yi jawabi mai tsawo, ya ce ya ajiye mulki, sannan ya bar fili don koke-koke. Sai dai lokacin da aka ba mu a hall ɗin ya kusa cika, mai gadi yana bakin ƙofa yana kaɗa makullai. Nabil, sakatarenmu, lauya ne haifaffen Lewisham, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Ya ɗago kai ya ce, "Noted, Uncle," ya fara tafi. Mu da muka san al'ada muka dubi juna, kowa yana jiran wani ya fara roƙo, sai muka ga tafi ya fi sauƙi. Muka tafa har da miƙewa tsaye, muka naɗe kujeru.

Matarsa Hajiya Hansai ta ba matanmu labarin abin da ya biyo baya a gida. Ihsan ta tuna masa cewa Diocletian bai taɓa komawa mulki ba, ta ce, "Baba, you know he never went back, ko?" Ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Rumawa ne ba su iya roƙo ba. Mu Hausawa ne. Kunya ce ta hana su a bainar jama'a, za su biyo ni gona."

Haka Ƙaisar ya koma manomi, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ko a hoto. Kaftani a sama, takalmin roba a ƙasa. Shukar farko dodon-koɗi ya cinye ta tas, ta biyu tantabaru suka raba. Ta uku ta kama, har ta naɗe kai. Ya ajiye kujera a tsakiyar kunyoyi tana fuskantar ƙofar shiga, don kada tawaga ta zo ta same shi ba shiri. Yakan ɗauki hoton kabeji ya turo mana a group ɗinmu na waya ba tare da ya rubuta komai ba. Mu kuma mu danna masa babban yatsa mu wuce.

Daular kuwa ta kama da wuta. Mataimaka huɗu suka buɗe group huɗu, kowa ya cire sauran. Ƙaramar Sallah ta zo, kowa ya ɗauka wani ne ya yi booking, ashe babu wanda ya yi. Muka ci tuwon Sallah a park, a tsaye, ƙarƙashin lema, ruwa yana ɗiga cikin miyar taushe. A nan hankalinmu ya dawo jikinmu, muka yarda cewa ba mu iya komai ba sai ci da tafi. Aka yanke shawarar a je a roƙe shi, da gaske muke, wallahi. Sa ranar ce kawai ta ɗauke mu har kaka ta shigo, don wannan yana shift a wurin aiki, wancan an yi masa cancel ɗin hutu.

Wata Asabar muka isa: Dakta Faruk a matsayin dattijo, Saani mutumin Kumasi da ya kawo mu a motarsa, Nabil, da ni. Ƙaisar ya hango mu tun daga ƙofa, ya yi maza ya sunkuya yana cire ciyawar da babu ita. Kaftanin da ke jikinsa sabo ne fil, har da karin guga.

Bayan gaisuwa, Dakta ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙungiya ta lalace bayanka. Mun zo ne ka yi haƙuri ka dawo."

Ƙaisar ya miƙe a hankali. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya shimfiɗa hannu a kan gonarsa. "Dakta, 'yan'uwa, ku dubi kabejin nan. Da hannuna na shuka shi. Wanda ya ɗanɗani wannan kwanciyar hankali, me zai yi da kujera? Na yafe mulki, na yafe shi har abada."

Ya ɗan karkato kunne yana jiran zagaye na biyu. Na ji tausayinsa har cikin raina.

Nabil ya dafa ƙirji, idonsa ya yi rau-rau. "Wallahi, Uncle, that's beautiful. We respect your decision."

Wayar Dakta ta yi ƙara, asibiti ne ke nemansa. Saani ya leƙa titi ya ce, "Alhaji, motana yana kan double yellow, inda an hana fakin." Ni da Dakta mun san sarai saura roƙo biyu. Amma mun daɗe a ƙasar da idan ka yi wa baƙo tayin shayi ya ce a'a, sai ka mayar da kofi cikin kabad. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Allah ya sa wa gona albarka."

Mun juya ke nan sai muka ji muryarsa a bayanmu, ta yi ƙasa sosai. "Ba ku da wata magana?"

"Akwai, Alhaji," in ji Saani. "Tunda ka ƙi, za a yi zaɓe. Damata matana shi zai yi abincin walima. Ka taimake mu da kabeji."

Mutumin da ya gama yabon amfanin gonarsa yanzun nan ba shi da bakin hanawa. Da hannunsa ya yanko manyan, ya rungumo su a kan sabon kaftani har bakin mota.

Nabil ne ya ci zaɓen. Ranar walima Ƙaisar ya shigo hall cikin babbar riga, ya ɗan dakata a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Babu wanda ya miƙe, don kowa da faranti a cinya. Kabejin kuwa ya yi daɗi, ga zaƙi ga garas-garas, har aka yi ta neman ƙari. Nan take Dakta Faruk ya kawo shawarar cewa daga yanzu Alhaji ne zai riƙa kawo wa ƙungiya kabeji duk Sallah.

Ƙaisar ya haɗe rai ya ce shi kam ba zai iya ba, a nemi wani.

Ai kuwa muka taso masa gaba ɗaya, maza da mata. Ya ƙi, muka sake. Ya kawar da kai, muka turo dattawa, wasu har da durƙuso. A karo na uku ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Don darajarku kawai."