Ranar da Na Durƙusa a Shagon Haji

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina gogewa, don tsoron kada wani ɗan kasuwarmu ta Murshid Bazaar ya karanta ya gane ni. To, abin ya ƙi barin raina.

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a shagon Haji ba, wani dattijo mutumin Iran mai sayar da darduma a unguwar Deira. Shekara tara ina kai masa alhazan Kano, ina tsayawa a kan kayansu har a kai kago, inda ake tura kaya gida, amma bai taɓa ce mini ga kujera ba. Sai ƙanin matata Nura, injiniya, ya rako ni sau ɗaya tak. Ya ɗaga kai ya ga wani hoto a bango, sassaƙen dutse, mutum a kan doki, wani durƙushe a gabansa. Ya faɗi wata magana da Turanci. Nan take Haji ya jawo masa kujera, aka kawo masa shayi a kofin gilashi (ni a na takarda ake ba ni, kuma duk ina lura).

A hanya na ce, "Me kuka tattauna haka?"

Ya ce, "Tarihin Rum da Farisa ne, Yaya. Sai an zauna."

Sai an zauna! Wato ni da na tsaya a firamare ba zan gane a tsaye ba. Na rantse a raina ba zan sake tambayarsa ba, kuma sai na hau kujerar nan.

Na zauna na yi nawa lissafin. Malaminmu na Islamiyya ya taɓa gaya mana Rumawa sun rinjayi Farisa, wato ƙasar su Haji, daga baya. Ashe ke nan na kan doki Sarkin Rum ne. Sati guda ina bitar jawabina a ɗakinmu na unguwar Al Warsan, har abokin kwanana ya tambaye ni ko lafiya.

Ranar Asabar ɗin na zo da alhazai biyu, na tarar da Nura a kan kujerar (yanzu Haji da kansa ke kiransa a waya). Na gyara murya, na nuna hoton, na ce da Larabcina na kasuwa, "Haji, na kan doki Sarkin Rum ne. Wannan na ƙasa kuwa naku ne, miskin!" Don alhazan su fahimta, har na kai gwiwa ƙasa na miƙa hannuwa kamar na hoton.

Haji ya ajiye carbinsa.

Nura ya ce a hankali, "Yaya, ka juya abin. Na kan dokin shi ne nasu. Sarkin Rum suka kama a yaƙi, a hannunsu ya mutu, bai sake ganin gida ba. Har ana cewa bayansa ake takawa in za a hau doki."

Ɗaya daga cikin alhazan ya ce, "To Malam, tashi kafin a kawo dokin."

Haji ya yi dariya har da tari, yana cewa, "Khalas, ya Kaisar, khalas!" Wato ya isa haka, Sarkin Rum. Sunan ya bi ni har wurin masu ɗaurin kaya. Yanzu da na shiga sai ya ce, "A ba Kaisar kujera, ya gaji da durƙuso." Na sami kujerar, har da kofin gilashi. Da na haɗiye girman kai na tambayi ƙanin matata, da ban saye ta da gwiwata ba.

Don Allah, wanda ya san sunan sarkin nan, da ko akwai wasu sarakunan Rum da suka mutu a tsare, ya rubuto mini. Nura ya sani, amma gara in ji daga bakinku.