Zogalen Hajiya Rabi

Ba zan taɓa mantawa da hunturunmu na farko a garin Summerfield, nan ƙasar Turawa, ba, ko na so mantawa ma jama'armu ta Greensboro ba za su bar ni ba.

Mun baro gidan haya a unguwar Wendover, mun samu gida mai fili, sai kaina ya kumbura. Na ce zan sayi ɗakin shuka, irin wanda ake raya tsiro a ciki lokacin sanyi. A kanti na tarar da iri biyu: na gilashi garau, da wata rumfa mai baƙar raga da iska ke ratsawa ta ko'ina. Ni ɗan Maradi, abin da na sani yana kashe shuka rana ce. Na dubi na gilashin na ce wannan ai tanda ce. Na ɗauko mai ragar, na kafa ta ƙarƙashin babbar bishiya don inuwa ta ƙaru (har hoto na ɗauka, na riƙe ƙugu).

Hajiya Rabi, dattijuwar da ta riƙe mu lokacin da muka zo ƙasar nan, tana da zogale a tukunya. Marigayi mijinta ne ya shuka shi, kuma duk hunturu a falonta yake zama, kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Ba ta nemi taimakona ba, ni na je na dame ta.

"Hajiya, ki ba ni shi ya sha iska. Falo ba wurin itace ba ne."

"Bon, to ga shi," ta ce. "Amana ce fa."

Na kai shi cikin rumfar na ajiye. Sanyi ya sauka, na yi kwanaki ban leƙa ba, don ni kaina ba na iya fita. Ranar sunan ɗiyata gida ya cika, da aka gama cin abinci na ja mutane, har da Hajiya, su zo su ga aikina. Da hannuna na ɗaga ragar.

Zogalen ya yi baƙi ƙirin, ganyen duk ya zube. Hajiya ta durƙusa tana kankare jikinsa da farce, tana neman kore, tun daga sama har gindi. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Miƙo mini tukunyar," ta ce. "Ita ma Alhaji ne ya saya."

Na kai mata har mota, ta karɓa ta rungume a cinya.

Yanzu in gwaninta ta motsa mini, da kayana nake gwadawa. Darasin ya shige ni sosai, sai dai ba ni na biya ba, tsohuwa ce ta biya mini.