Rasuwar Shuɗiya, Furen Barandar Madam Lua

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da ya rage mata, Madam Nghiem Thi Lua ta birnin Da Lat a ƙasar Vietnam tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Shuɗiya, shukar furenta ta cikin tukunya, irin wadda ake kira cam tu cau. Ta cika ranar sha tara ga watan farko, tana da shekara goma sha ɗaya a baranda.

Marigayiyar 'yar dangi ce. An same ta daga reshen da mahaifiyar Madam Lua ta yanka da hannunta a shekarar da tsohuwar ta rasu, kuma gonar da aka yanko shi yanzu otal ce. Tsayinta bai wuce gwiwa ba, amma takan ɗauko curin fure bakwai, shuɗi mai duhu. Ba ta da kwaɗayi: inuwa, ruwan sama, tukar kofi da ƙusa biyu masu tsatsa. Ba a taɓa jin muryarta ba sai "ƙut, ƙut" idan ƙasarta na shan ruwa. Ina ma wasu mutanen gidan sun yi koyi da ita.

Ciwon ajali ya faro a jajibirin sabuwar shekara. Khoat, maigidan Madam Lua, ya sayo farar ƙasa kamar kowa, ya barbaɗa a ƙofa da kusurwoyin gida don korar miyagun iskoki. Da ta yi saura sai ya juye a tukunyar, wai ita ma a tsare ta. Mutumin da ya shekara talatin bai ba shuka ko kofin ruwa ba, ranar tausayi ya kama shi. Madam Lua ta gani da safe, to amma a al'ada kwana ukun farko na shekara ba a shara, ba a fitar da komai daga gida, ba a faɗa. Haka ta zauna tana zuba wa baƙi shayi tana murmushi, saiwa na ƙonewa a bayanta. Iskokin dai ba a ji sun koka ba.

Marigayiyar ta bar 'ya ɗaya tak, domin Madam Lua ba ta taɓa ba kowa reshe ba. 'Yar tana tsallaken titi, gidan Tham mai gyaran gashi, wadda ta zo aron tsani shekara uku da suka wuce ta fita da wani abu a aljihu. Da aka tuhume ta cewa ta yi, "Haba Yaya Lua, ni da furenki? Tsuntsu ne ya yar mini." A hannunta 'yar ta lalace, fure take yi ruwan hoda kamar bokitin roba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a bayan gida. Khoat ne zai haƙa ramin, kuma ba a ba shi izinin magana ba. Kada kowa ya kawo fure.

Bayan an rufe, Madam Lua za ta ɗauki tukunyar da almakashi da gwangwanin shayi mai kyau, ta tsallaka titi, ta ƙwanƙwasa ƙofar Tham, ta roƙi reshe ɗaya na furen mahaifiyarta. Ana roƙon maƙwabta kada su leƙo ta taga.