Gudun Ƙara Jini

Ranar da aka ce surukina na buƙatar jini leda ɗaya, a wani asibiti a unguwar Television, ni na fara naɗe hannun riga a gaban dangin matata kaf. Madam Ladi mai awon jini ta duba nawa, ta ce, "Oga, kai ma da ƙyar yake isar ka."

Ban karaya ba. Na taɓa karantawa a waya cewa gudu mai tsanani yana rage ruwan jini, sai jinin ya yi kauri. Na tuɓe takalmi, na zagaya asibitin sau uku kamar an biyo ɓarawo, na dawo na miƙa hannu.

Awo kuwa ya hau! Har na fara ɗaga kafaɗa. Madam Ladi ta kalli gumina, ta miƙo mini fiya wata. "Sha, ka huta, mu sake." Da ta sake aunawa, jini ya koma gidan jiya.

Ashe dangi na kallon gudun ta taga. Ƙanwar matata ce ta bayar da jinin.

Har yau, ko sassarfa na yi zan tari keke, sai surukata ta ɗaga murya: "Ɗana, awo za a sake ne?"