Ranar da Na Nemi Filogi a Motar Dizal

Ko da zan manta duk shekarun da na yi ina aiki a Abuja, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya tsamo-tsamo cikin taɓo a bayan Karshi ba, ina ba wa dattijon direba umarnin ya ciro min abin da tun da aka ƙera motar ba a taɓa saka mata ba.

Lokacin mulkin farar hula ne, man fetur na daraja, gwamnati na cikin yalwa. Hukumar da nake aiki (ba zan faɗi sunanta ba, har yanzu akwai masu tuna ni a can) ta sayo manyan jif guda uku masu shiga daji, don zagayen duba rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Motoci ne masu ƙarfi, amma suna da wani hali: da zarar wata 'yar fitila ta kama a gaban direba, sai a kai mota wurin makanike, ta yi kwanaki tana jiran a sa mata kwamfuta, aiki ya tsaya cak.

Wata Litinin a wajen mitin, daraktanmu, Alhaji Lawal, ya ce ya gaji. Ya ce mu sayi namu sikana, wato 'yar na'urar nan da ake jonawa a jikin mota ta faɗi abin da ke damunta. Sai ya tambaya ko akwai wanda ya san kan abin.

Ni fa tarihi na karanta a jami'a, aikina kuma rubuta takardu ne. Duk ilimina a kan sikana bai wuce wani shafi guda da na taɓa karantawa a mujalla ina jiran aski ba. Amma a lokacin kujerar shugaban sashen motoci babu kowa a kanta, kuma kujerar tana zuwa da ofis mai sanyi. Ban san sadda hannuna ya tashi sama ba.

"Yallaɓai, ai abu ne mai sauƙi," na ce. "A bar min."

Aka bar min. Aka haɗa ni da Baba Bitrus, babban direbanmu, mutumin Filato, mai ƙarancin magana, wanda ya fara tuƙi tun ina firamare. Shi ya kai ni shagon wata mata a Durumi, Madam Ladi, mai sayar da kayan lantarkin mota. Shagon ɗan ƙarami ne, amma matar ta san sana'arta. Ko zama ban gama yi ba ta fara jero min tambayoyi.

"Oga, wane irin mota ne? Na wane shekara? Dizal yake sha ko fetur? Bakin soket ɗin shi yaya yake?"

Ko ɗaya ban sani ba. Ga Baba Bitrus a tsaye a gefena, duk amsoshin suna bakinsa, ga motar ma a ƙofar shago. Abin da ya kamata in yi shi ne in juya in ce, Baba, amsa mata. Maimakon haka sai na gyara zaman hulata na ce, "Madam, ki dai fito min da wanda ya fi kowanne."

Ta fito da guda biyu. Na farko ɗan ƙarami ne, baƙi, bai fi tafin hannu ba, da wasu wayoyi iri-iri a ƙulle da roba. Na biyun kuwa a cikin jan akwati yake, mai makulli biyu, da ƙaton allo mai launi. Ta ce ƙaramin shi ne na manyan motocin daji irin namu, wayoyin nan kowace da bakin soket ɗin da take shiga. Babban kuma na ƙananan motocin fetur ne irin na cikin gari.

Na kalli ƙaramin, na hango kaina ina shiga ofishin darakta da shi a aljihu kamar rediyon mai gadi. Na kalli jan akwatin, na hango kaina ina ajiye shi a kan teburin mitin, ina buɗe makullan nan ƙwas, ƙwas. Magana ta ƙare.

"Oga, mu gwada shi a mota tukuna," in ji Baba Bitrus a hankali. "Ga mota a waje."

"Baba, na'urar zamani ce, kowace mota tana karantawa."

Madam Ladi ta ce to in tsaya ta nuna min yadda ake aiki da shi. Na ce ai akwai littafi a ciki. (Akwai littafin kuwa. Na duba hotunan.) A gida na kunna, allo ya kawo haske shuɗi har da ɗan kiɗa, na kashe na mayar cikin akwati, zuciyata fes. Matata ta leƙo ta ce, "Kai da ko taya ba ka taɓa canjawa ba?" Na ce mata wannan aikin ƙwaƙwalwa ne, ba na ƙarfi ba.

Ranar Alhamis aka shirya zuwa duba wata rijiya a wani ƙauye can bayan Karshi. Tafiyar ba ta wasa ba ce, don ma'aikatar da muke ƙarƙashinta ta turo babbar jami'a, Hajiya Maryam, ta gani da idonta, kuma rahotonta ne zai sa a ci gaba da aikin ko a dakatar. Darakta da kansa ya ce in zo da akwatina. Na zauna a gaba kusa da Baba Bitrus, akwati a cinya, fararen kaya sun sha guga.

Damina ce, an kwana ana ruwa. Muna barin kwalta muka faɗa jan taɓo, mota na rawa tana gurnani, muka tsallake wani rafi lafiya. Muna hawowa tudu sai ta fara shessheƙa, wata fitila ta kama, ta yi tari biyu ta mutu.

Wallahi daɗi na ji. Allah ya yafe min, amma daɗi na ji.

"To, Malam," in ji darakta daga kujerar baya, inda yake zaune da Hajiya Maryam, "yau ranarka ce."

Kafin in gama fitowa mutane sun fara taruwa: manoma masu dawowa da fartanya a kafaɗa, mata ɗauke da itace, da 'yan acaɓa biyu da suka kashe baburansu don kallo. Na buɗe makullai ƙwas, ƙwas. Na durƙusa a ƙarƙashin sitiyari ina laluben soket. Na samu wani abu mai kama da shi, na tura bakin wayar, ya ƙi shiga. Na juya shi, ya ƙi. Gumi ya fara keto min. Ganin ido ya yi yawa a kaina, sai na cusa shi a wani ɗan lungu da ke gefe, ya maƙale, na ce a raina ai shi ke nan ya shiga.

Na ɗora na'ura a kan bonet, na kunna. Haske shuɗi, ɗan kiɗa. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah!" Na danna maɓallin farko da na gani, sai ga rubutu yana zubowa layi-layi. Na gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Yallaɓai, matsala uku ce. Na farko, filogi na uku ya mutu. Na biyu, man giya mai canja kanta ya yi zafi. Na uku..." na ɗan tsaya, don ni ma abin ya ba ni mamaki, "na'urar ɗumama kujerar direba ta lalace."

Darakta ya gyaɗa kai cikin gamsuwa, ya dubi Hajiya Maryam kamar yana cewa kin ga irin ma'aikatan da nake da su. Ni kuma na juya ga Baba Bitrus, hannu ɗaya a ƙugu.

"Baba, buɗe bonet ka ciro min filogi na uku."

Bai nufi bonet ba. Ya matso kusa da ni ya rage murya, don ya rufa min asiri. "Oga, motan nan dizal ne. Ba ya da filogi."

A nan ne fa ya kamata in yi shiru. Amma sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Baba, na'ura ba ta ƙarya. Ta ce na uku, na uku za ka ciro."

Dattijon ya yi ajiyar zuciya, shi ma ya daina raɗa. "Oga, ba na uku, ba na ɗaya. Giya kuma na hannu ne, ni nake canja shi tun safe. Kujera na kuma, rana ne yake ɗumama shi."

Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya fashe da dariya har yana dukan tankin babur. Sai na ji muryar Hajiya Maryam daga bayana, cikin ladabi, wanda shi ya fi komai ciwo.

"Malam, wannan naka ne?"

Na juya. Ta kama bakin wayar da yatsu biyu, taɓo na ɗiga daga jikinsa. Ashe tun sadda na ja na'urar zuwa bonet ya zame ya faɗo ƙasa. Duk karatun nan da nake yi, na'urar ba ta haɗe da komai sai ƙasar Karshi. Hajiya ta gyara tabarau, ta leƙa allon, ta nuna min wani ɗan rubutu a can sama. Nuni ne kawai irin wanda ake kunna wa mai saye a shago. Cutar wata motar ƙasar sanyi, wadda ko wanzuwa ba ta yi ba, ita na tsaya ina karanta wa jama'a.

Darakta ya juya baya yana kallon gonar dawa, kafaɗunsa na girgiza. Na so a ce taɓon nan ya kai zurfin mutum.

Baba Bitrus ya sauke na'urar gefe. Ya buɗe bonet, ya sassauta wani ɗan abu a gindin filtar dizal mai tace mai, ruwa ya tsiyaye, ya ɗaure, ya danna famfon da ke samanta sau da yawa, ya shiga ya murza makulli. Mota ta tashi. Ashe fitilar nan ta ruwa a cikin mai ce, ya gane tun tana kamawa, ya dai bari oga ya gama aikinsa ne.

Mun isa ƙauyen a kan lokaci, rijiya na ba da ruwa, Hajiya ta yaba. Ni dai ban sauka daga mota ba, na ce kaina ke ciwo.

Washegari muka koma Durumi. Madam Ladi ta dube ni, ta dubi akwatin da busasshen taɓo a jikinsa, ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata da alheri. Ta amince ta canja mana da ƙaramin. Wannan karon mu uku muka fita wajen motar, Baba Bitrus ya faɗi shekararta da irin injinta, ta zaɓi wayar da ta dace, ta jona, ta nuna mana yadda ake karanta matsala da yadda ake goge ta daga allo. Ni ne mai riƙe mata lema.

An damƙa sikana a hannun Baba Bitrus, kuma daga ranar motocinmu suka rage kwana a garejin makanike. Kujerar sashen motoci wani aka ba. Ni abin da na samu suna ne: har masinja in zai kawo min fayil sai ya ce a kai wa Oga Filogi. Da muka koma ƙauyen bayan wata biyu, wani manomi cikin 'yan kallon ranar ya tare ni da fara'a, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambaye ni tsakani da Allah ko an samu an gyara kujerar direba.

Abin da na koya shi ne, in za ka sayi na'urar duba mota, ka je da motar, ka je da mai tuƙa ta, ka bar shi ya riga ka magana. In kuma ka ga dattijo ya matso yana yi maka raɗa a cikin taro, ka amsa masa da raɗa.