Shinkafar Kan Dutse

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Birnin Kebbi, da gemuna da 'ya'yana biyu, aka haɗa ajinmu da ɗaliban Indonesiya mu yi aiki ta intanet, mu san al'adun juna. Ni wata yarinya mai yawan tambaya aka ba ni.

Da ta ji ni ɗan Gulma ne sai ta fara: ina gonarmu take, wane iri muke shukawa, yaushe gulbin Rima ke cika? Har hoto ta nema. Nan take na gano ta. Wa zai damu da gonar tsohona haka in ba mai shirin ƙwace ta ba? Na ja abokina Bello gefe na ce, "Wagga yarinya 'yar leƙen asiri ce, amma ba ta san da wa take ba."

Sai na ɓatar da ita. Na ce a kan dutse muke shuka shinkafa, jakai ke hawa da ruwa.

Ranar gabatar da aiki, ga malamanmu, ga nasu a allo, ta karanto bayanina kaf, har da zanen jaki, ta kira sunana ta yi godiya. Ashe mahaifinta ma manomin shinkafa ne. Malaminmu, ɗan Argungu da ya san fadamar Gulma sarai, ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

Bello ya kai labarin gida. Har yau in na shiga Gulma, yayata kan tare ni: "Sannu manomin dutse, jakkan sun sauko lafiya?"